Zoben Ɗan Maƙeri a Birnin Landan

A gidaje da dama na Ingila, ana girki ne a kan murhun da babu wuta a cikinsa. A masaukina na Landan na fara ganinsa: faifan gilashi baƙi sumul, ba garwashi, ba warin gas. Ka kunna shi ka ɗora tafin hannu, ba ka jin komai. Ka aza tukunyar ƙarfe, kafin ka ɗauraye kofi ruwa ya tafasa. In kuwa irin tukunyar alminiyam ta gidajenmu ce, sai ya yi biris da ita. A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ma na ga wani abin: katin Oyster, wanda suke amfani da shi tun 2003, ba shi da batir, amma da ka kusanta shi da ƙofa sai ta buɗe.

Wani malamin kimiyya ɗan ƙasarmu da ya yi mini jagora ya ce duka biyun asalinsu ɗaya, kuma asalin yana nan ajiye a titin Albemarle, a cibiyar Royal Institution. Can muka sauka ɗakin ƙasa, inda Michael Faraday ya yi bincikensa. Ɗan maƙeri ne da aka haifa a 1791, bai yi boko mai zurfi ba, a shagon ɗinkin littattafai ya koyi sana'a. Abin da muka je gani zobe ne na baƙin ƙarfe, faɗinsa kusan inci 6, an naɗe shi da wayar tagulla gida biyu, an raba tsakanin wayoyin da zare da ƙyallen auduga. Da a kasuwar Ƙanƙara ka tsince shi, sai ka miƙa wa 'yan gwangwan.

Ranar 29 ga Agusta 1831 Faraday ya jona naɗi ɗaya da batir, ɗayan kuma da allurar awo. Wayoyin ba su taɓa juna ba, amma yana jonawa allura ta zabura gefe guda, ta koma ta kwanta. Yana cirewa ta sake zabura, wannan karon ɗaya gefen. A Oktoba ya gwada da sandar maganaɗisu: ya cusa ta cikin naɗi, allura ta yi nan, ya zaro ta, allura ta yi can, ya bar ta tsaye, shiru. Ashe canjin ƙarfin maganaɗisu ne ke haifar da lantarki, zamansa wuri ɗaya ba ya haifar da komai.

To me ya sa allurar ke sauya gefe? Heinrich Lenz ne ya ba da amsa a birnin Santa Fitasbag na Rasha a 1834: lantarkin da ya taso yakan bi hanyar da zai yi gardama da abin da ya tayar da shi. Ka turo kan arewa na maganaɗisu, bakin naɗin ya zama arewa ya ture shi; ka janye, ya rikiɗe kudu ya riƙo shi. Halin jaki mai taurin kai ke nan, ka ja shi ya toge, ka tura shi ya turje.

Da dare malamin nan ya nuna mini gardamar ƙiri-ƙiri. Ya ɗauko guntun bututun tagulla irin na famfon gidajen Ingila, ya jefa tsakuwa ta faɗo nan take. Ya jefa ɗan maganaɗisu, sai na leƙa na gan shi yana sauka a hankali, alhali tagulla ba ta kama maganaɗisu. Lantarkin da faɗuwarsa ta tayar a jikin bututun ne ke taka masa birki. Murhun nan ma naɗi ne a ƙarƙashin gilashi, yana tayar da lantarki a gindin tukunya har ta yi zafi. Katin kuma siririn naɗi ne a cikinsa, yana samun ƙarfi daga na'urar ƙofa.

Mutumin Faskari ko Sabuwa ya san wannan doka da kunnensa. Janareto na tafiya lafiya, a jona masa injin walda, sai ka ji ya yi nishi ya ƙara shan mai: naɗin cikinsa ne ke turje wa juyin. Transfomar da ke bakin unguwa jikar zoben Faraday ce, kuma tana aiki ne domin wutar da ke zuwa daga Kainji da Shiroro tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa guda. Mai naɗin koyil da ke ƙirga zagayen waya a shagonsa, aikin Faraday yake yi da hannunsa.

Kirana ga malaman kimiyya na sakandarorin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: kada wannan darasi ya tsaya a kan allo. Maganaɗisun matacciyar lasifika, wayar fankar da ta ƙone da ƙaramar mita sun isa a maimaita gwajin 1831. Ku gayyato mai naɗin koyil na garinku ya shigo aji, yara su ga allurar tana sauya gefe da idonsu.