Ƙwallo Ɗaya, Maguda Biyu

Ni dai a cikin wasannin Turawa babu wanda ya fi sa ni tunanin sha'anin rabo kamar ƙwallon jami'o'in Amurka. Mai karatu kada ya ɗauka tamaular da muka sani ce. Wannan da hannu ake rungumar ta, siffarta kamar ƙwai, kowane gefe mutum 11. Akan ba masu kai hari dama 4 su ci yadi 10 na fili. In sun ci a sake ba su wasu 4, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya tsallaka layin ƙarshe da ita ya samo wa ƙungiyarsa maki 6. Madugun hari yakan jefa ta gaba, ko kuwa ya miƙa wa wani da ke tsaye bayansa ya ruga da ita cikin ƙattai. Wannan na bayan shi zan kira magudu.

To, matsalar ita ce ƙwallon ɗaya ce, maguda kuwa sukan kai uku ko huɗu a ƙungiya, kowa saurayi ne mai jini a jika, kowa na so a gan shi. Wasannin shekara ba su cika wuce 13 zuwa 15 ba. Duk ɗaukar da aka ba wani, an hana wani ke nan, kuma da ita manyan ƙungiyoyin ƙwararru ke auna wanda za su ɗauka da kuɗi masu nauyi.

Wasu masu horarwa ba ruwansu da rabo. A 2015 Jami'ar Alabama ta ɗora wa Derrick Henry ɗauka 395, ya ci yadi 2,219, ya karɓi kyautar Heisman ta gwarzon shekara. Sai dai kowace ɗauka karo ce da ƙato, jiki kuwa ba ƙarfe ba ne. Shi ya sa wasu suka gwammace su raba.

Rabon da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a 2005, ƙarƙashin Pete Carroll. Yana da Reggie Bush, mai zulliya kamar tarwaɗa, da LenDale White, jibgege da ya haura kilo 100, wanda ba ya kewaya mutum sai dai ya bi ta kansa. Jama'a suka laƙaba musu Tsawa da Walƙiya. A shekarar an miƙa wa Bush sau 200, White sau 197. Ina adalcin da ya fi wannan a kan takarda? Amma aikin ba iri ɗaya ba ne. Bush ya ci yadi 1,740, ya tsallaka layi a guje sau 16. White ya ci yadi 1,302, ya tsallaka sau 24, domin shi ake kira idan fili ya ƙure, saura yadi ɗaya ko biyu, inda babu wata dabara sai ƙarfin tuwo. Kyautar Heisman kuwa Bush aka ba. Wani zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ran 4 ga Janairu 2006 suka haɗu da Jami'ar Teksas a filin Rose Bowl don fid da zakaran ƙasa, bayan sun ci wasa 34 a jere. Saura minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi, suna gaba da maki 38 da 33, suna kan damarsu ta huɗu, yadi 2 kacal suke nema. In sun samu, wasa ya ƙare ke nan. Carroll ya sa aka miƙa wa White, wanda ya riga ya tsallaka layi sau 3 a daren. Bush kuwa yana tsaye a bakin fili, gwarzon shekara guda ya zama ɗan kallo. 'Yan Teksas suka yi wa White taron dangi, suka kayar da shi bai kai ba. Daga nan madugunsu Vince Young ya ja su har ya tsallaka da kansa saura daƙiƙa 19. Aka tashi 41 da 38.

Tun daga ranar ake ta gardama. Ni ban ga laifin miƙa wa White ba, wannan aikinsa ne tun farkon shekara, kuma a daren babu wanda ya iya tare shi sai a wannan karo. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne fitar da Bush daga fili. Da yana ciki, ko da ba a ba shi kome ba, dole masu tsaro su ware mutum ɗaya ko biyu su sa masa ido, hanyar White ta ɗan buɗe. Da suka hango shi a waje, sai tambayar da ke damun su duk dare ta amsa kanta.

Nan ne nake ganin masu lissafi ke ɓata. Suna ƙirga sau nawa aka ba wane, alhali kuwa amfanin maguda biyu yana cikin shakkun da suke jefa wa abokin hamayya. Duk yadin da White ya ci a shekarar akwai kason tsoron Bush a ciki, duk filin da Bush ya samu akwai kason masu tsaron da White ya gajiyar. Ɗauka 200 da 197 an raba su daidai wa daida, amma ɗauka guda da aka bar mutum ɗaya da ita, kowa ya san shi ne, ita ta tafi da kofi Teksas.