Tsakanin Mikiya da Kurege

Gernot Rohr, Bajamushen nan mai horas da 'yan ƙwallo, ya ci albashin duk ƙasashe ukun da iyakokinsu suka haɗu a kusurwar da Bagudo take. Ya riƙe tawagar Nijar daga 2012 zuwa 2014, ya riƙe ta Najeriya daga 2016 zuwa Disambar 2021, sannan a 2023 ya karɓi ta Jamhuriyar Benin. Ga mai sharhin wasanni a Legas ko Abuja, wannan labarin wani Bature ne mai yawon neman abinci. A Tsamiya da Lolo da Illo kuwa ba wanda zai ɗaga gira, domin haka mutanen wurin suke rayuwa tun kaka da kakanni: gona a nan, kasuwa a can, surukai a tsallaken kogi.

Akwai wani malamin firamare mai ritaya a wannan yanki wanda ya mai da wannan al'amari abin nazarinsa. Mahaifinsa ɗan ƙasar Illo ne, mahaifiyarsa kuma an haife ta a wani ƙauye da ke wajen Segbana, cikin Benin. Tun gasar cin kofin Afirka ta 2004 a Tunisiya, wadda ita ce ta farko da Benin ta halarta, kuma Najeriya ta doke ta 2 da 1 a cikinta, yake ajiye wani littafi irin na rajistar aji. Masu kallon wasan besbal a Amurka an san su da zuwa fili da fensir suna rubuta duk abin da ya faru; Malam bai taɓa ganin wasan ba, amma cutarsu ɗaya. A kowane shafi ya ja layi huɗu: sunan ɗan wasa, garin haihuwarsa, tutar da yake buga wa, sai layi na huɗu da ya rubuta wa “wanda ya buɗe masa ƙofa”. A ganinsa layi na huɗun nan shi ne ke nuna ɗan wasa na wa ne, sauran ukun bayani ne kawai.

Ra'ayin yana da asali a ƙasar da ya tsiro. Iyakar da ta raba dangin uwarsa da na ubansa ba ta kai shekara 130 ba. Bayan tseren da Lugard da Faransawa suka yi zuwa Nikki a 1894, Ingila da Faransa sun zauna a Paris suka sa hannu kan yarjejeniyar 14 ga Yunin 1898, wadda ta tsaga ƙasar Bargu gida biyu, ta kawo layin ya faɗa Kogin Kwara mil 10 sama da mashigin jiragen Illo. Dandawa da Bussawa da Kyangawa da Fulani suka wayi gari rabinsu na Ingilishi, rabi na Faransi. Mutumin da ya san cewa bakin alƙalami ne ya mai da kawunsa baƙo, ba zai ɗauki garin haihuwa a matsayin hujjar ƙarshe ba.

Shafin da ya fi cika a littafin na Razak Omotoyossi ne. An haife shi a Legas a 1985, ya fara da ƙungiyar Sunshine Stars ta Akure, sai hukumar ƙwallon Najeriya ta dakatar da shi shekara biyar bisa zargin ya ci zarafin alƙalin wasa. Shekara biyar ga matashin ɗan ƙwallo kusan rabin rayuwarsa ta fili ce. Yaron bai zauna jiran tsammanin warabbuka ba, ya tsallaka Benin, aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa, aka sa masa riga. A 2005 ya ci wa Benin ƙwallonta ta farko a gasar matasa ta duniya da aka yi a Holan, gasar da Najeriya ta kai wasan ƙarshe da su Mikel Obi kafin Ajantina ta Messi ta doke ta. Daga baya ya buga tare da Henrik Larsson a Helsingborg ta Suwidin, kuma ya bar wa Benin ƙwallaye 21. Ya rasu a Agustan 2025 yana da shekara 39.

Malam yakan ce mutane suna tambayar abin da bai kamata ba idan suka ce ko Omotoyossi zai samu gurbi a tawagar da ke da Yakubu da Martins da Kanu. Watakila da bai samu ba. Abin da ya dame shi shi ne yadda hukuma take iya rufe ƙofa a fuskar yaro da takarda guda, sannan bayan shekaru a riƙa kiransa “namu da ya gudu”. Kusa da sunansa akwai na Muri Ogunbiyi, wanda ya ɗauki kofin zakarun Afirka da Enyimba a 2003 da 2004 alhali Benin yake buga wa, da na Tosin Aiyegun, shi ma haifaffen Legas. A layi na huɗu dukansu an rubuta Benin. Victor Osimhen kuwa, yaron da ya sayar da ruwa a cunkoson motocin Legas kafin ya zura ƙwallaye 10 a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015, an rubuta masa Najeriya da manyan baƙaƙe, da sunan Emmanuel Amuneke a gefe. Wannan ne ya sa Malam yake son Osimhen so na haƙiƙa: shi ne shaidar cewa ƙofar gida tana buɗuwa idan aka dace da mai tsaronta.

Neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 2026 ya jarraba wannan ra'ayi jarrabawa mai tsanani, domin an jefa Najeriya da Benin rukuni ɗaya. A ranar 10 ga Yunin 2024 Benin ta doke Najeriya 2 da 1 a Abijan, inda ta koma yin wasanninta na gida saboda filinta na Kwatano bai samu amincewar hukumar ƙwallon Afirka ba. Raphael Onyedika ya fara ci, Jodel Dossou ya farke, kyaftin Steve Mounié ya ƙara, kuma kwanaki kaɗan bayan haka Finidi George ya ajiye aikin horaswa. Zuwa Oktoban 2025, bayan an zabtare wa Afirka ta Kudu maki uku saboda ta sa ɗan wasan da ke ƙarƙashin dakatarwa, kuma Aiyegun ya ci Ruwanda a Kigali, Benin ce ke saman teburi da maki 17, Najeriya tana ta uku da 14. Nasara ɗaya ta rage wa Benin ta je gasar duniya karo na farko a tarihinta. Wasan kuwa a Uyo ne, ranar 14 ga wata, da Najeriya.

A gidajen kallo na bakin iyaka, inda janareta ke ruri ana karɓar kuɗin shiga da naira ko da sefa, benci ɗaya ya ɗauki masu goyon baya biyu, wani lokaci 'yan ɗaki ɗaya. Osimhen ya zura uku, Frank Onyeka ya ƙara ta huɗu ana dab da tashi. Yawancin masu ihu ba su san nauyin wannan ta huɗun ba, Malam ne da fensirinsa ya fahimtar da su. Saboda Eritiriya ta janye daga nata rukunin, sai aka cire sakamakon wasannin da aka yi da ƙasashen da suka zo na shida wajen auna waɗanda suka zo na biyu. Bayan wannan ragi Najeriya da Burkina Faso da Nijar duk suka tsaya a maki 15, bambancin ƙwallaye ne ya raba gardama, Najeriya ta tsere wa Burkina da ƙwallo ɗaya tak. Wato a yamma ɗaya Najeriya ta fitar da Benin, ta kuma rufe ƙofar da Nijar ke leƙe. Malam ya yi murna, ya kuma yi shiru a gaban 'yan uwan mahaifiyarsa, kamar wanda ɗansa ya kayar da ɗan ƙanensa a dandali. Bayan wata guda Najeriya ta doke Gabon 4 da 1 a Rabat, sannan Kwango ta fitar da ita a bugun fenareti. An kashe maƙwabci, ba a ci gadonsa ba.

Wannan murna mai haɗe da shiru ita ce abin da wasu 'yan birni suke kira raunin kishin ƙasa, kuma kiran bai yi adalci ba. Daga Bagudo zuwa Uyo a mota ya haura kilomita 1000, daga Tsamiya zuwa Segbana tafiyar babur ce. Tawagar ƙasa a akwatin talabijin suke ganinta, ƙasar kanta kuwa sun fi saduwa da ita a shingen hanya. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, zumunci da cin kasuwa suka koma ta ɓarauniyar hanya, amma a Nuwambar shekarar 'yan wasan Benin suka sauka Uyo lafiya lau, suka buga, aka ci su 2 da 1. A Maris 2021 kuma Super Eagles suka shiga jirgin ruwa daga Legas zuwa Porto-Novo, Paul Onuachu ya ci musu ƙwallo ɗaya a ƙarshen wasa, jaridu suka yi ta yayata tafiyar kamar an ƙirƙiro sabon abu. Mutanen Lolo, waɗanda kwalekwale ne motarsu ta zuwa biki da gaisuwar mutuwa, dariya kawai suka yi. Ko a fagen kokawa haka abin yake: idan Isaka Isaka na Dosso ya ɗauki Takobi a Nijar, ba a tambayar fasfon mai tafi.

Abu ɗaya ne Malam bai yafe wa Benin ba, shi ne canza sunan tawagarta a 2022 daga Kurege zuwa Guépards, dabbar dajin nan mai zanen damisa da ta fi kowace gudu. An ce kurege ba ya tsoratar da abokin hamayya. To amma duk wanda ya saurari tatsuniya ya san wanda ke fita da nama idan aka haɗa kurege da kura. A gasar Afirka ta 2019 a Masar, Benin ta yi canjaras da Ghana da Gini Bisau da Kamaru, ta fitar da Maroko a bugun fenareti, ta kai zagayen 'yan takwas ba tare da ta ci wasa ko ɗaya a cikin lokaci ba. In wannan ba aikin kurege ba ne, to na wane ne?

Duk wannan hira ce ta bakin shayi har sai da ta shigo gidansa. Ɗan ƙanwarsa, yaro mai shekara 17, bahago ne mai bugun da ke sa manya su tsaya da babur su kalla. Wani mutum daga wata ƙungiya a arewacin Benin ya gan shi a wasan sada zumunci, ya aiko ana neman izinin iyaye. Daga gida ba wanda ya taɓa zuwa. Kebbi United ba ta cikin babban rukunin ƙasa, ƙungiyoyin da ke ciki mafi kusa suna Minna da Ilori da Katsina da Kano, kuma ba a saba ganin masu farautar 'yan wasansu a fadamun Kwara ba.

Malam ya san dokar fiye da wanda ya aiko. Sashe na 19 na dokokin FIFA kan sauyin sheƙa ya hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa don ƙwallo. Cikin 'yan togaciyar da aka yi akwai ta mazauna iyaka: idan gidan yaro bai wuce kilomita 50 daga iyaka ba, ita ma ƙungiyar ba ta wuce 50 daga ɗaya gefen ba, kuma yaron zai ci gaba da kwana a gidansu. Gidan yaron ya cika sharaɗi, ƙungiyar ce ta yi nisa. Sai aka kawo shawarar da ake kawowa: dangi suna can, takardar haihuwa ba ta da wuyar samu, a rubuta an haife shi a can, a rage masa shekara biyu tun da an zo yi. Abin da ya ƙara wa Malam takaici shi ne yaron ba ya bukatar ƙarya. Kakarsa haifaffiyar can ce, kuma dokar FIFA ta yarda wanda ya samu zama ɗan ƙasa ya buga mata idan kakansa ko kakarsa a cikinta aka haife su. Hanya ta gaskiya tana nan, watanni kawai take nema.

Uwar yaron ta zo da kanta bayan sallar isha'i. “Yaya, in muka ce su jira, wa ya san ko za su dawo?” Ya ce mata ba shi da tabbas, kuma ba zai yi mata alkawarin abin da ba ya hannunsa ba. Yaron, da ke tsugune a bakin ƙofa, ya ce, “Kawu, ai kai kake cewa ɗan wasa na wanda ya buɗe masa ƙofa ne.” Malam ya amsa cewa har gobe yana kan bakansa, kuma ranar da ya cika 18 shi da kansa zai goya shi a babur ya kai shi Segbana ya sa shi mota, da sunansa na yanka da shekarunsa na gaskiya. Ya rubuta wa mutumin amsa da Faransancin da ya tsinta a gidan kakanni, ya sa kwanan watan. Ranar ta faɗo bayan girbin shinkafa, saboda haka a wannan damina yaron yana fadama da safe, yana fili da la'asar, uwarsa kuma har yanzu gaisuwa kaɗai ke haɗa ta da yayanta.