Ganye Uku Da Dankalin Turawa

Yau ba ci gaban littafinmu na kawo muku ba, wani abu ne da ya faru da ni a watan Maris na 2024, lokacin da na je Dublin, babban birnin ƙasar Ayilan, domin yi wa ƙanwata zaman jego.

Abin da ya fi damuna a gidan ba sanyi ba ne, ba kuma azumin da ya riske ni a can ba, 'ya'yanta biyu ne, Ummi mai shekara 6 da Abba mai shekara 4. A can aka haife su, Hausar bakinsu ba ta wuce "sannu" ba, Turancinsu kuwa gudu yake yi kamar ana kora shi, ni da nawa na sakandare sai dai na bi su da ido. Kwana goma ina gidan amma in na miƙa wa Ummi hannu sai ta ɓuya a bayan uwarta. Ni da nake rubuta hirar masoya shafi ɗari, na kasa hira da 'yar cikina.

Ana nan sai ga Ummi ta dawo daga makaranta da saƙon malamarsu, wai kowane yaro ya zo ranar Juma'a da koren kaya da wani aikin hannu, saboda bikin ranar Saint Patrick da ake yi duk 17 ga Maris. Ƙanwata ta ce, "Yaya, don Allah ki taimaka, kin ga hannuna da jariri."

Na ce, "Ke, bikin mene ne wannan tukuna?"

Ta bayyana mini cewa Patrick mutum ne da ya rayu a ƙarni na 5, an kamo shi bawa daga Birtaniya yana ɗan shekara 16, ya yi shekara shida yana kiwo a Ayilan, ya gudu, daga baya ya dawo yana wa'azin addinin Kirista. Akwai wata 'yar ciyawa mai ganye uku da suke kira shamrok, ana ba da labarin da ita ya yi wa mutane misalin aƙidarsu. Ai kuwa ina jin haka na ja da baya, na ce ban ga ta zama ba.

Ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, bara ita kaɗai ta je hannu rabbana, da kuka ta dawo. Ganyen nan alamar ƙasa ne a wurin yawancinsu, shi ne ma a wutsiyar jiragen Aer Lingus. Abin da muka yi imani da shi mun gaya mata, kuma ta sani." Na kwana ina juya maganar. Da gari ya waye na ce za mu yi ganye a matsayinsa na ganye, mu yi tuta, mu yi tunkiya, tunda ƙasar makiyaya ce.

Bayan la'asar muka shimfiɗa tsohuwar jarida a tebur. Na raba dankalin turawa gida biyu, na sassaƙa siffar zuciya a fuskar ɓari guda, wuƙar kuwa ban bari ta bar hannuna ba. Ana tsoma shi a koren fenti, a danna a farar takarda sau uku, tsinin kowace zuciya ya haɗu a tsakiya, a ja ɗan kara a ƙasa, shi ke nan ganye ya fito. Da Abba ya danna na farko na ce "ɗaya", na biyu na ce "biyu", kafin na buɗe baki a karo na uku sai na ji wata 'yar murya ta ce, "uku?" Ummi ce. Ashe tana ji, kunya ce ta ɗaure mata harshe.

Dankalin ma da tarihinsa. Wannan da muke kira Arish a kasuwa, shi ne abincin talakawan ƙasar, da ciwo ya kama shi daga 1845 aka yi yunwar da ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi hijira. Jikokin masu hijirar suna daga cikin dalilan da suka sa bikin ya bazu a duniya, har a Chicago ta Amurka ake rina kogi kore tun 1962.

Da muka zo kan tunkiya sai gam ya ƙare. Na tuna aikin hannunmu na firamare, na dama fulawa da ruwa a kan wuta har ta yi kauri, ta huce. Muka shafa a farantin takarda, yara suka lilliƙa auduga, muka yanka baƙin kwali aka yi kai da ƙafafu. Ummi ta koyi "auduga", ni kuma ta gyara mini yadda ake faɗin sunan malamarsu, har tana yi mini dariya.

Tuta muka yi ta ƙarshe: kore, fari, ruwan goro. An ce farin na tsakiya zaman lafiya yake nufi tsakanin Katolika da Furotesta na ƙasar. Sai na ɗauki wata takardar na jera kore, fari, kore, na ce, "Wannan ta garin kakarki ce." Ta kalli biyun, ta liƙa su baya da baya a jikin tsinke ɗaya, da shi ta tafi makaranta.

Ba zan ce muku Ummi ta iya Hausa ba, kalmominta ba su fi ashirin ba sanda na taho. Amma ga 'yan'uwa masu 'ya'ya a ƙasashen waje, ku rage faɗan "me ya sa ba kya jin Hausa", ku zauna da su a kan abin da ya dame su, ko da takarda da almakashi ne. Tunkiyar nan tana rataye a ɗakina a Kano, rabin audugar ta zube, kuma duk sanda ƙanwata ta kira waya sai Ummi ta karɓe ta ce, "Anti, ina tunkiya?"

Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu, in Allah Ya kai mu.