Darasin Da Guntayen Katako Suka Koya Mini

Ran nan da hantsi na tafi makarantar renon yara da 'yata ke zuwa a Kpakungu, ba nisa da shataletalen hanyar Bida. Niyyata kuwa in cire ta. Dalili shi ne, wata uku ina biyan kuɗi, amma duk sa'ad da na tambaye ta abin da aka koya musu, sai ta ce, "Baba, mun yi gini."

Da na zayyana wa malamarsu kukana, sai ta miƙo mini kujera ta ce, "Malam, don Allah zauna ka duba tukuna."

Ga yarinyar, 'yar shekara huɗu, a kan tabarma. Ta kafa guntun katako ɗaya a tsaye, ta gicciya dogo a kansa, ya faɗi. Ta sake, ya faɗi. A karo na uku ta riƙa gusa shi kaɗan-kaɗan har tsakiyarsa ta hau kan na ƙasa, ya zauna daram. Ta aza ƙarami a gefe guda, abin ya rinjaya ya rushe. Ba ta yi kuka ba. Ta sake kafawa, ta ɗauki biyu masu girma ɗaya, ta aza su dama da hagu lokaci guda. Ginin ya tsaya.

Nan fa kunya ta kama ni. Ashe abin da magini ke kiyayewa, wato nauyi ya sauka a kan tushe, shi hannunta ya gano ba tare da alli ko bulala ba. Daga baya na bincika, na tarar Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa irin wannan makaranta suna Kindergarten a 1840, guntayen katako na cikin kayan da ya ba yara. Manufar ilmi ta ƙasarmu ta 1977 ita ma ta ce a koyar da ƙanana ta hanyar wasa.

To, jama'a, mu iyaye mu ne masu matsa wa malamai lamba sai yaro ya haddace ABCD tun bai iya riƙe fensir ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma wanda ya yi garaje karya shi zai yi.

Ban cire ta ba. A hanyar komawa gida na biya wurin kafinta, na roƙi ragowar katako, ya goge mini kaifinsu. Allah Ya raya mana zuriya, amin.