Tsirkiya da Haƙuri

Da yammacin Asabar, a wani fili da ke bayan gidanmu a Mahuta, can gefen matatar mai ta Kaduna, na saki kibiyata ta farko. Ban kashe wani kuɗin kirki ba. Gora na samo na lanƙwasa, wani dattijo maharbi ya murza mini tsirkiya, kyauro ya zama kibiya, buhun da na cusa wa ciyawa ya zama abin auna. Harbi goma na yi, tara suka sha ƙasa. Dattijon ya murmusa ya ce, "Ɗana, ba da ƙarfi ake yi ba, bari numfashinka ya kwanta tukuna." Sai na tuna cewa irin wannan bakan ne maharban Shehu suka riƙe a Tabkin Kwatto a 1804, har suka tarwatsa dawakin Gobir. Jiya makamin yaƙi, yau abin debe kewar ma'aikaci bayan ya taso. Amma halinsa bai sake ba: kibiya kamar magana take, in ta bar hannu ba ta dawowa. Wanda ya koyi jinkiri kafin ya saki tsirkiya, zai koyi jinkiri kafin ya buɗe baki. Asabar mai zuwa ma zan koma filin.