Ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

Ɗan'uwa mai karatu, ran nan a aji wani dattijo ya tambaye ni: «Malam, manyan malaman jami'a, mi suka tsinana muna?» Ga amsata, kai ma ka ji.

Ka san zafin ranar Azagor. Mu gudunta muke yi. Amma akwai wanda ya sa ta aiki. Sunansa Farfesa Abdu Mumuni. An haife shi a Tasawa, nan jiharmu ta Maradi, a 1929. Ya yi karatun kimiyya mai zurfi a Faransa. A 1969 ya kama shugabancin ma'aikatar binciken hasken rana a Yamai. Can shi da abokan aikinsa suka ƙera murhu mai dafa abinci ba da itace ba, da abin zafafa ruwa da rana kaɗai. Tuna nisan da matanmu suke yi wajen neman itace.

Tun a 1964 ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka. Ya nemi a koyar da mutane da harshensu. Ka ga, karatun nan da kake yi da Hausa, abin da ya so ke nan.

Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979. Ya rasu a 1991. A 1992 aka ba jami'ar sunansa.

Ni ban wuce kwaleji ba. Amma na san shi ma da baƙi ɗaya ya fara, kamar kai. Kada ka fid da ɗanka ko ɗiyarka daga lakwal saboda kiwo.