Gahawar Safe a Terok Nor

Idan aka tambaye ni fim ɗin da ya fi taɓa ni game da zama a ƙarƙashin ikon wasu, nakan ambaci Star Trek: Deep Space Nine, fim mai dogon zango da aka nuna a Amurka daga 1993 zuwa 1999. Abokaina kan yi dariya, su ce me ya haɗa Bahaushe da halittu masu ƙusumbi a goshi. Sai in ce su bari su ji labarin tashar tukuna.

A cikin labarin, wata al'umma mai ƙarfin soja, Kadasiyawa, ta mamaye duniyar Bajor kusan shekara 50. Suka gina tasha a sararin samaniyarta, suka sa mata suna Terok Nor, suna tace ma'adinai a ciki da gumin Bajorawan da suka bautar. Da suka janye, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Bajor ta gayyaci Tarayyar Duniyoyi ta taya ta tafiyar da wurin. Aka turo Kwamanda Benjamin Sisko, aka sauya sunan zuwa Deep Space Nine. Suna biyu ke nan, kuma babu wanda masu ƙasa suka raɗa. Mutanen Chadi sun san irin wannan, domin babban birninsu ya amsa sunan Fort-Lamy tun 1900, sai a 1973 ya zama N'Djamena.

Tashar ta ƙara daraja da aka gano wata ƙofa a kusa da ita, wadda ke mayar da tafiyar shekaru masu yawa ta 'yan mintuna. Daga nan kowa ya sa mata ido. A ƙarshen zango na biyar, Kadasiyawa suka dawo tare da sababbin iyayen gidansu, daular Dominion, suka ƙwace ta. Sisko ya fice, ya bar ƙwallonsa a kan tebur, alamar cewa zai dawo.

Yaƙin jiragen bai dame ni ba kamar halin Manjo Kira Nerys, mataimakiyar Sisko. Tun tana yarinya ta ɗauki bindiga tana yaƙar 'yan mamaya. Amma a wannan karon Bajor ta sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya da Dominion, don haka Kira ta zauna a tashar tana aiki da Gul Dukat, mutumin da ya mulki mutanenta a da. Hujjarta mai ƙarfi ce: idan ta ta da rigima, Bajor ce za ta sha wuta.

A kashi na biyu na zango na shida, wanda aka nuna a 1997, an nuna mana safiyarta. Ta tashi, ta dubi madubi, ta tafi ofis a tsakiyar sojojin mamaya, wani Bakadase ya miƙo mata gahawa, ta karɓa. Babu duka, babu zagi. Har ta kai tana lallashin wata malamar addini, Yassim, da ta fasa zanga-zanga. Malamar ta rataye kanta a tsakiyar kasuwar tashar, a gaban jama'a. Addininmu ya haramta wannan, kuma ba shi nake yabo ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne washegari, da Kira ta dubi wannan madubin ta gane cewa ta zama irin mutanen da ta tsana a da. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Mu da ke Landan, Jidda, Faris ko Hustan ba mamaye mu aka yi ba, da ƙafarmu muka zo, kuma da yawanmu mun sami alheri. Amma na san wannan gahawar. Na san yadda mutum kan yi shiru a wurin aiki idan aka ci mutuncin wani baƙo, saboda takardar zamansa tana hannun mai gidan. Na san yadda ake cewa bari in gama karatu, bari iyali su iso, bari fasfo ya fito. Kowace hujja gaskiya ce, kamar yadda ta Kira take gaskiya. Sai dai shirun da aka ɗauka na wata shida kan zama hali, har mutum ya fara ba sababbin zuwa shawarar su ma su kama bakinsu.

Kira ba ta ƙona tashar ba, ba ta kuma gudu ba. Ta ci gaba da zuwa ofis, amma ta tara 'yan mutane kaɗan a ɓoye, kuma aikinsu ya taimaka wajen dawowar Sisko. A ƙarshen fim ɗin gaba ɗaya, ita ce ke riƙe da tashar da aka bautar da mutanenta a ciki.

Ba na kiran kowa ya jefa takardunsa cikin haɗari. Ni dai na sa wa kaina doka: duk baƙon da ya zo mini da kukan an zalunce shi, ba zan fara da ce masa ya yi haƙuri ba. Zan fara da tambayarsa abin da ya faru, sannan mu nemi inda ake kai ƙara.